Taku Ɗari Biyu Kafin Dogo

Asabar, 19 ga Fabrairu, 1955

Hamma Buba, yayana, ya zo ofishin ilmi yau da hantsi. Tun da na dawo daga London bara bai taɓa taka wurin ba. Yau ɗin ma bai shiga ba. A gindin mangwaro ya tsaya, sanda a kafaɗa, akawuna suna leƙensa ta taga. Na fita muka gaisa da Fulatanci, da murya ƙasa-ƙasa, yadda na saba.

Maganar Wule ce, saniyar nan mai farin goshi da ke jan garkenmu. Wata biyu da suka wuce jirgin kaya ya take maraƙinta a maƙetarar da ke bayan Kpakungu. Ba laifin kowa ba ne, maraƙin ne ya juyo da baya. Tun daga ranar ta ƙi kusantar layin dogo, kuma inda ta ƙi zuwa sauran ashirin da biyar ɗin ba sa zuwa. Ruga tana wannan gefe, rafi yana wancan. Tafkin da suke sha ya kusa komawa laka.

Izini ya zo nema, ya ba mahauta ita don wata ta karɓi gaba. Jikar karsanar da mahaifinmu ya ba ni ce ranar sunana.

"Taka ce, shi ya sa na sha wannan rana," in ji shi. "Da tawa ce, da yanzu an gama cin kilishinta."

Na roƙi mako huɗu. Ya ce tafki bai san huɗu ba. Mun tsaya a kan uku: Asabar, goma sha biyu ga Maris.

Lahadi, 20 ga Fabrairu

Na je ruga a kan keke. Ban yi zaton ƙamshin hayaƙin da ake turara wa shanu zai yi mini abin da ya yi mini ba. Sai da na sauka na tura keken da hannu.

Inna Hajjo, mahaifiyarmu, ta tsufa fiye da yadda na yarda na gani a zuwana na baya. Ta dama mini fura a ƙwaryar da na sani tun ina yaro, mai ɗinki a baki. Sandar mahaifinmu tana nan a soke a jinkar bukka, inda ya bar ta. Shekara uku ke nan da rasuwarsa. Wasiƙar rasuwar ta same ni a London bayan mako shida, ina zaune a ɗakin karatu, ana ruwa a waje. Na karanta, na ninke, na ci gaba da abin da nake rubutawa. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba.

Da la'asar na ce Hamma ya kora su in gani. Suna tafe lafiya lau a burtali har inda wata tsamiya take. Nan Wule ta tsaya cak, ta miƙe kunnuwa, ƙafafun gaba suna rawa. Hamma ya kira, ta ƙi. Ya ɗora mata sanda, ta juya, garke ya juya. Na auna daga tsamiyar zuwa ƙarfen dogo: taku ɗari biyu da huɗu.

A hanyar komawa na yi ƙoƙarin yi masa bayanin abin da na karanta a jami'a. Na ce an taɓa gwadawa da karnuka: in ana kaɗa ƙararrawa kafin a ba su abinci, a kwana a tashi ƙararrawar kaɗai tana sa su dalalar da miyau. Tsoro ma haka ake koyonsa, kuma abin da aka koya ana iya koyon wani a kansa.

Hamma ya dube ni.

"Shekara uku a ƙasar Turawa, Garuba, kana kallon kare yana dalala? Ai da ka zo nan, da kyauta na nuna maka."

Inna ta yi dariya har ta riƙe kai. Ni ma na so in yi.

Talata, 22 ga Fabrairu

Ga shirin, na rubuta shi don kada in ruɗi kaina daga baya.

Ba duka, ko kaɗan. Duk sandar da ta sauka a kanta a gindin tsamiya ƙari ce a kan abin da take tsoro. Za a hana su kanwa a ruga. A komi za a zuba ta, a ajiye daidai inda Wule take tsayawa, kullum a matsar da shi gaba kaɗan, gwargwadon abin da za ta iya ɗauka ba tare da ta firgita ba. Kada a yi lokacin wucewar jirgi.

Hamma ya yarda, da sharaɗin kada in faɗa wa Fulanin wasu rugage cewa ana lallashin saniya kamar amarya.

Don lokutan jirgi na je wurin mai tsaron maƙetarar. Sunansa Ndaceko, Banufe ne daga Bida, dattijo mai ɗan gemu, yana da rumfar kwano da tutoci biyu da buzun salla. A gabansa jirgin ya take maraƙin. Hausarsa irin ta tasha ce, ba ruwanta da mace ko namiji.

"Malam, wannan saniya ya fi mutum hankali. Ni na gani mutum jirgi ya kusa kashe shi yau, gobe ya dawo ya zauna kan karfe yana ci rake."

Ya ce daga jirgin Baro na safe zuwa na yamma babu komai. Ƙarfe huɗu ta yi mana daidai, ina tashi ofis ƙarfe biyu.

Laraba, 23 ga Fabrairu

Taku ɗari biyu. Ta lasa, ido a kan dogo.

Asabar, 26 ga Fabrairu

Ɗari da hamsin. Jiya na yi gaggawa, na matsar da komin taku talatin, ta ƙi zuwa. Na mayar da shi baya goma, ta zo. Laifina ne, kuma darasi ne da nake koya wa malaman makaranta kowane wata.

Ina zaune a kan dutse ina jiran ta gama, sai na tuna ranar da aka kai ni makaranta, a 1931. An ce kowace ruga ta ba da yaro ɗaya. Hamma ya riga ya iya kiwo, don haka ni aka bayar. Mahaifinmu ya raka ni har tasha. Sai da jirgi ya motsa, sannan ya ɗaga murya ya yi mini kiran da yake yi wa shanu in sun yi nisa: dogon sauti daga can cikin ciki, a karya shi sau biyu, sannan suna. Duk tashar ta waiwaya. Ina jin sa har muka wuce duwatsu.

Ban san abin da ya kawo wannan cikin lissafin taku ba.

Talata, 1 ga Maris

Ɗari da goma. Zafi ya shigo sosai. Tafki ya ja baya da kamu biyu, ruwan ya yi kore, ƙananan maruƙa sun fara zawo.

Hamma ya daina zolaya. Yau shi ya ɗauki komin da kansa, ya tambaye ni, "Nan ko can?"

Juma'a, 4 ga Maris

Sittin. Bayan masallaci na wuce kai tsaye, da babbar riga.

Ndaceko ya zo ya tsuguna kusa da ni yana kallon hancin Wule. Ya ce ba ganin ƙarfe kaɗai ke damunta ba, warin baƙin mai ne da ke jikin katakon layi. Ya ce a kwaso kashin shanu daga ruga a shafe bakin maƙetarar, ta ji warin gida. Babu wannan a littattafaina, amma ya dace da su ƙwarai. Na faɗa masa haka, ya ce, "To ka rubuta sunana a ciki."

Ga shi na rubuta.

Mun kwashi kwando huɗu. Na lalata babbar rigar. Inna ta dube ni da na shigo, ta ce yau ta ga ɗanta.

Litinin, 7 ga Maris

Goma sha biyar! Tana lasa tana kaɗa jela, kamar ba ita ba. Na ƙyale kaina na yi murna, abin da ba na yawan yi tun ba a ga ƙarshe ba.

Talata, 8 ga Maris

Komai ya rushe.

Komi yana taku takwas. Ta sa baki ke nan sai ga kan jirgi shi kaɗai, ba taragu, ya fito daga kwana ba a lokacinsa ba. Ndaceko ya ruga da jar tuta, direba ya yi abin da ya wajaba, ya busa. Wule ta kifar da komin, ta bi ta kan Hamma saura kaɗan, garke ya bi ta. Ba su tsaya ba sai bayan tsamiya.

Na san wannan a takarda. Tsohon tsoro ba ya mutuwa, ana dai binne shi da sabon sabo, kuma abu kaɗan ke tono shi. Na taɓa rubuta shafi goma sha biyu a kan haka, aka yaba. Sanin bai yi mini amfanin komai ba yau.

Hamma bai yi faɗa ba. Ya karkaɗe rigarsa, ya ce ya riga ya yi magana da Abdulsalami mahauci, zai zo ranar Asabar da igiya. Ya ce, "Ka yi ƙoƙari, ƙanena." Da ya zage ni da ya fi sauƙi.

Laraba, 9 ga Maris

Mun sake daga farko. Abin mamaki, ko da yake bai kamata ya ba ni mamaki ba: abin da ya ci mako ɗaya da farko yau ya ci yini ɗaya. Ɗari da ashirin.

Bayan an ɗaure maruƙa Inna ta kira ni gindin bukka. Tana tsefe igiya, ba ta dube ni ba.

"Kai ƙasa kake aunawa. Ka saurara kuwa?"

Na ce ban gane ba. Ta ce Hamma ya kira Wule nan cikin ruga, inda babu dogo babu jirgi. Ya kira. Ta ɗaga kai, ta kwantar da kunnuwa, ta koma bayan wani bijimi.

Ashe ranar da jirgi ya take maraƙin, Hamma yana can ƙetare yana kiran ta da dukan ƙarfinsa. Kiransa ta bi ta hau layi, ɗanta a baya. Bayan haka kuma da wannan kiran ya yi wata biyu yana dukanta. Muryarsa da busar jirgi sun zama abu ɗaya a kunnenta. Kwana goma sha biyar ina rubuta taku, ban ga wannan ba. Kanwa za ta kai ta bakin tsakuwa, amma saniya ba ta hawa ƙarfe don kanwa. Sai an kira ta daga can.

Na ce to wa zai kira.

"Mahaifinku ne ya raine ta. Kiransa ta sani tun tana shan nono." Ta ja igiyar da haƙori. "Buba muryar dangina ya ɗauko. Ta marigayi tana maƙogwaronka, ka sa maɓallin riga ka kulle."

Na ce na manta yadda ake yi. Ta ce, "Uhm."

Alhamis, 10 ga Maris

Arba'in.

Ban manta ba. Tunda littafin nan ba mai karanta shi sai ni, bari in rubuta.

A shekarata ta uku a makarantar kwana, wata safiya muna fareti, wani garke ya bi ta bayan shinge. Fararen shanu ne irin namu. Wata takwas ban ga gida ba. Ban san lokacin da na fita daga layi ba, na kama shinge, na yi kiran. Suka juyo. Wallahi suka juyo gaba ɗaya, suka ture shingen, suka shigo filin, suka tattake lambun babban malami. Abin da na ji a 'yan daƙiƙun nan, kafin a kama ni, ban sake jin irinsa ba, har ranar da aka ba ni takardar digiri.

Bulala shida a gaban makaranta. Ba ita ta dame ni ba. Dariyar ce, yara ɗari da wani abu, da sunan da suka sa mini, Nagge, wato saniya, wanda ya bi ni shekara huɗu. In na buɗe baki a aji sai wani ya yi kukan shanu daga baya. Sai na koyi in gina magana tukuna a cikina, in duba ta gaba da baya, in fitar da ita a hankali yadda ba mai samun abin kamawa. Malamai suka ce na natsu. A London ma an yaba mini da wannan, an ce ina da nauyin baki irin na manya.

Sau ɗaya tak abin ya faru. Shekara ashirin da ɗaya ke nan.

Ba na son in matsa kwatancin nan fiye da kima. Mutum ba dabba ba ne.

Juma'a, 11 ga Maris

Goma. Ta tsaya a bakin tsakuwa, ta shinshina kashin, ta koma.

Da sassafe, kafin ofis, na hau keke na yi nisa bayan Ketaren Gwari, inda ba kowa sai duwatsu. Na duba gabas, na duba yamma. Na buɗe baki. Abin da ya fito wata 'yar siririyar murya ce, irin ta mai neman izinin shiga ofis. Na gwada sau uku. A na ukun wata tsohuwa ta ɓullo da itace a kafaɗa, na yi kamar tari nake.

Gobe ne.

Asabar, 12 ga Maris

Zan rubuta shi a jere, yadda ya faru.

Abdulsalami ya riga ni zuwa. Mutum ne mai fara'a, igiya a wuya, yana ta yaba ƙirjin Wule a gabanta. Ya ce mini, "Malam, kada ka damu, tsokar cinya taka ce." Inna ta ce ita ma sai an kai ta maƙetara. Hamma ya goya ta rabin hanya, ya zaunar da ita a gindin tsamiya. Ta zo da sandar mahaifinmu, ta miƙa mini.

Na so a ce ba kowa. Amma ranar kasuwa ce. Matan Gwari da kayansu a kafaɗa sun tsaya, leburorin dogo shida sun ajiye diga, kuma, kamar da gayya, ga ɗaya daga cikin akawunan ofishinmu a kan keke, ya sauke ƙafa ɗaya yana kallo.

Ndaceko ya kara kunne a ƙarfe, ya ce ba komai tafe. Hamma ya kawo garke har bakin tsakuwa, bakinsa a rufe kamar yadda muka shirya. Na ƙetara, na tsaya can, na ɗora sandar a kafaɗa, na rataya hannuwa a kanta. Ban yi niyyar tsayawa haka ba, jikin ne ya yi.

Na kira. Irin ta jiya ce ta fito. Wani lebura ya yi dariya, wani ya taya shi. Na ji zafin ya taso daga wuya zuwa kunne, daidai inda ya taso a filin fareti. Ƙafafuna suka ce in tafi. Na lura da su sarai, har na ce a raina: ga tsamiyarka nan, Garuba.

Abdulsalami ya fara warware igiya.

Sai Ndaceko ya daka wa leburorin tsawa, ya juyo gare ni. "Malam, ba da takarda kake magana ba! Saniya ne! Bude ciki!"

Ban san yadda aka yi ba. Na rufe ido, na ga tasha, na ga jirgi yana motsawa. Na buɗe wuyan riga. Abin ya fito daga inda ban san yana nan ba, dogo, ya karye sau biyu da kansa, sannan sunanta. Duwatsu suka maido mini da shi. Ba muryata na ji ba.

Da na buɗe ido Wule ta ɗaga kai, kunnuwa gaba. Ta yi wani kuka gajere. Ta sa ƙafa a tsakuwa, ta janye. Na sake kira. Ta hau, ta tsaya a tsakanin ƙarafan biyu tana rawa, tsawon lokacin da ba zan iya ƙiyastawa ba, ni mai ƙiyasta komai. Na kira na uku, a hankali. Ta tsallako, ta zo ta sa hancinta a cikin rigata tana neman mutumin da ba ya nan.

Sauran suka biyo ta, ƙofato yana ƙara a kan katako. Da suka ji ƙamshin rafi suka sa gudu.

Abdulsalami ya naɗe igiyarsa, ya ce an cuce shi, amma ya yafe. Hamma ya wuce ni yana bin garke, bai tsaya ba, sai dai ya bugi kafaɗata da sanda. Inna tana can gindin tsamiya ta ja mayafi ta rufe fuska. Ban je kusa ba sai da ta sauke.

Lahadi, 13 ga Maris

Murya ta dishe. Sun ƙetara da safe, sun dawo da yamma. Sai da na kira duka biyun.

Asabar, 19 ga Maris

Yanzu Hamma yana tsayawa kusa da ni, muna kira tare, ni da ƙarfi shi a hankali. Kullum ina rage tawa yana ƙara tasa. Jiya ta zo a kan muryarsa kusan ita kaɗai. Nan da mako guda ba za a buƙace ni ba. Haka aka so, kuma haka ya kamata. Na gaya wa Inna zan riƙa zuwa duk da haka, don in tabbatar abin ya zauna.

A ofis na ji an fara kirana wani suna a bayan ido. Ban tambayi ko mene ne ba. Na lura dai ban rasa barci a kai ba.

Ba na son in ɗauki abin da ya faru fiye da matsayinsa. Gwaji ɗaya ne, a kan dabba ɗaya, kuma ba a gina hukunci a kan ɗaya. Sandar tana bayan ƙofar ofis, saboda macizai sun yi yawa da zafin nan.

Yau a bakin kasuwa na hango Ndaceko can ƙetaren titi, yana cinikin doya. Sai kawai na ji ana kwaɗa masa kira, kuma daga bakina, har masu awo suka waiwaya. Ya ɗago doya yana dariya, yana nuna ni.

Nisan ne ya yi yawa, ina ji.